Taku goma sha bakwai daga gindin mangwaro

Mun tashi da asuba daga Minna, mu huɗu a mota, za mu Kontagora ganin aikin gyara da faɗaɗa tsohon gidan tace ruwa. Daga Zungeru zuwa Tegina direba na fama da ramuka, mu kuwa idonmu na kan daji. A Tegina muka ci waina a farantin da aka ɗauraye da ruwa mai kalar kunu. Ba wanda ya nemi ƙari.

Da hantsi muka shiga gari. 'Yan garuwa ne suka cika titi, suna tura kurar jarkoki daga rafi, kuɗin jarka kuma ya ninka.

Aikin kansa yana tafiya. An kwashe laka daga tsofaffin tankuna, an sauya yashin tacewa, sabon tanki ya kusa kai rufi. Injiniyar da ta zagaya da mu ta ce ruwan da ake tacewa yanzu zai ishi unguwar da ke bayan gidan, amma wata biyu ke nan ko ɗigo bai kai can ba. A rufe bawul yake, wato makullin da ke sakar wa unguwar ruwa, kuma an rasa inda yake.

A wani fili da katafila ta share, inda ake ta haƙa ramuka ana neman bawul ɗin, muka tarar da Baba Yohanna, dattijo ɗan Salka, wanda ya tsufa a aikin gidan. Taswirar bututu gara ta cinye ta tuntuni, shi ne ya zama taswirar. Saboda ɓarayin ƙarfe, duk bawul ɗin da ya murɗa sai ya binne shi da ƙasa, ya riƙe alamarsa da itace. Wannan da ake nema, taku goma sha bakwai yake daga gindin wani mangwaro. Da hannunsa ya rufe shi ranar da aka fara aiki, a kan mako guda za a yi. Ya je gida girbi, kafin ya dawo an tuge itatuwan har saiwa.

Unguwar da aka rufe wa ruwan, a can yake zaune. Matarsa na asibiti da amai da gudawa.

"Baba, ramin nan na tara ne," in ji injiniyar. "Ku je ku duba Mama, an aika a kawo na'urar gano ƙarfe."

"'Yata, tun yaushe ake aikawa? In na je in ce mata me? Ni na rufe."

Ya zaɓi inda yake zaton mangwaron ya tsaya, ya taka yana ƙirgawa da Kambarci, ya nuna ƙasa. Muka jira har la'asar. Jar ƙasa kawai aka fitar.

Mun iso gida bayan magariba. Kwana uku da dawowarmu injiniyar ta kira ni: na'ura ta zo, an samu bawul ɗin, taku biyu daga rami na shida. Tafiyar ta nuna mini cewa gidan ruwa ba ƙarfe da siminti kaɗai ba ne, rabinsa yana cikin kan mutanen da ba a tambaya kafin a tada katafila.

Na tambaye ta labarin Baba Yohanna. Ta ce wani ne ya murɗa bawul ɗin, shi yana Salka wajen binne matarsa.