Alkakin Zuma Ya Dawo Gida

Duk wanda ya zauna a unguwar Yelwa ta Garwa ya san Hansai matar Iliyasu tela, in bai san fuskarta ba ya san muryarta. Gajeriyar mace ce mai kaurin hannu, wadda ko a gidan makoki ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba. In mai gawayi ya haɗa mata da jiƙaƙƙe, sai an ji labarin har bakin titi. Mata suna tsoron bakinta, amma ranar Sallah kowace tana leƙen ƙofa ko kwanon Hansai ya iso.

Sallar mutane tana farawa ran da aka ga wata. Ta Hansai tun kaka take farawa. Lokacin da gyaɗa ta yi araha take saye, ta soya, ta kai inji, ta matse mai da hannunta, ta sayar da ƙuli-ƙulin, man kuma ta ɓoye shi a jarka ƙarƙashin gado. Alkama mudu-mudu take tarawa, yau ɗaya, wani makon ɗaya. Gwangwanayen madara da masu shayi ke jefarwa ita take bi tana karɓa, ta goge su da toka har su yi ƙyalli. Ƙyallayen da ke zubowa daga keken Iliyasu kuwa, kafin su taɓa ƙasa ta tsince, ta ɗinka wa kowane gwangwani 'yar rigarsa. Tana haɗa turaren wuta ta zuba a ƙananan kwalabe don tsofaffin unguwa. Akwai masu cewa rowa ce ke damunta. Su ɗin dai ne za ka gani ranar idi sun cika baki da cincin ɗinta, suna tambaya ko da saura.

Ba a banza ta zama haka ba. Mahaifiyarsu, wadda suke kira Dada, alkaki take sayarwa a tashar mota, da shi ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta. Ciwon suga ya kama ta, wani ɗan ƙurji ya fito mata a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa, har aka kai ga yanke ƙafar a asibiti. Hansai tana budurwa a lokacin, ita ta yi jinyar, ita ke riƙe diddigen Dada ana wanke ciwon. Da Dada ta rasu ta bar mata kasko, ta bar mata Nasrullahi, ƙanin Hansai, yaro ƙarami mai yawan kuka. Hansai ta goya shi, ta kai shi lekol, wato makarantar boko, da ribar alkaki, da ta yi aure ma da shi ta tare.

Yanzu Nasrullahi ya zama Alhaji. Manyan motocinsa suna ɗaukar kaya tsakanin Garwa da Ngaundere, yana da gida mai dogon bango a Plateau, unguwar manya. Hansai ba ta taɓa roƙonsa ko allura ba. Ya taɓa aiko mata da katan-katan na biskit wai ta huta da wahalar suya, ta mayar masa da su a motar da ta kawo su, da saƙon cewa ita ba ta mutu ba tukuna. Abu ɗaya ne ya rage a tsakaninsu wanda kuɗi bai shiga ba, shi ne gwangwanin alkakin zuma.

Alkakin da take raba wa unguwa a ruwan suga da tsamiya take tsoma shi, kuma ba wanda ya taɓa kushe shi. Amma gwangwani ɗaya tak a zuma take jiƙa shi, yadda Dada ke yi wa 'ya'yanta ranar Sallah kawai. Halliru direba, mai bin hanyar Tibati da Banyo, shi ke kawo mata kwalba ɗaya ta baƙar zumar can mai ƙamshin hayaƙi. Kowane alkaki na wannan gwangwanin sai ta lotsa tsakiyarsa da babban yatsa don zuma ta kwanta a ciki. Iliyasu mijinta ma bai isa ya taɓa ba. Na Nasrullahi ne, kuma muddin yana ci, Hansai ta san har yanzu ita ce Addarsa, yayarsa da ta goya shi, ba wata tsohuwa daga Yelwa da ake buɗe wa ƙofa don kunya ba.

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar zafi, irin zafin Garwa da ko kogin Binuwai sai ya janye ya bar yashi. Alkama ta yi tsada, zuma ta fi ta. Hansai ta haƙura da sabon zane don kwalbar Halliru ta samu. Ta jiƙa alkama, ta ɓarza, ta murje ta da mai, ta kwaɓa da nono ta rufe har ta yi tsami. Ta tsaya gaban kasko da rana tsaka, bakinta da azumi, gumi yana shiga mata ido, ba damar ko ɗanɗanawa. Iliyasu ya leƙo daga shago ya ce ta bari sai an sha ruwa mana, ta ce masa ya je ya ji da rigunan mutane da ya yi wa alkawarin ƙarya.

Ranar Sallah kwanuka suka fara yawo kamar kullum. A Yelwa kwano ba ya komawa gidansu wayam, ko goro ne sai an saka. Kowa kuma ya san ana juye: shinkafar gidan nan a zuba ta a kwanon gidan can, ta wuce gaba, ba mai jin haushi, Hansai ma tana yi. Amma akwai abin da ba a juyewa, kuma duk mai hankali ya san shi.

Da kanta ta kai gwangwanin Plateau bayan an sauko idi. Laila matar Nasrullahi ta tarbe ta da fara'a, ta karɓa da hannu biyu, ta ce Alhaji ya ɗan kwanta. Bara ma daga zaune ya gaishe ta, babbar riga ta rufe shi har ƙasa. Hansai ta dawo gida tana mita, wai kuɗi sun sa yaron nan ya manta yadda ake tashi a gaida manya.

Washegari da hantsi Colette ta shigo. Maƙwabciyarta ce ta jikin bango, Kirista mai soya kifi a bakin kasuwa. Shekara da shekaru Hansai na kai mata kwanon Sallah, ita kuma ta rama da Nowel, wato Kirsimeti. Ta ajiye kwanon Hansai a tabarma tana dariya, ta kira ta da sunan 'yarta kamar yadda ta saba.

"Maman Zahra, barka da fet, barka da Sallah. Yau na kawo miki abin da za ki koya. Buɗe ki ga irin na masu kuɗi."

Hansai ta buɗe. Alkaki ne guda-guda a jere, baƙi-baƙi, suna sheƙi, kowanne da lotsawar yatsa a tsakiya. Ƙamshin hayaƙin zumar Banyo ya bugi hancinta.

"Ina kika samo wannan?"

"Jocelyne ƙanwata ce ta kawo wa yarana. Wani patron, babban mai kuɗi a Plateau, ke ba ta, kowace Sallah sai an ba ta gwangwani guda, har da 'yar rigarsa. Wallahi kada ki ji haushi, ya fi naki daɗi. Na ce bana dai sai kin ɗanɗana."

"Kowace Sallah?"

"An daɗe ana ba ta. Lafiya, Maman Zahra?"

Ina lafiya! Hansai ta ji kamar an watsa mata man kasko a ƙirji. Wato duk shekarun nan tana hana kanta, tana hana mijinta, tana ƙona fuska a wuta, ashe 'ya'yan wasu take yi wa. Ko a ba almajiran malami a ce sadaka ce, da da sauƙi. A'a, an miƙa wa baƙuwa da gwangwanin da rigarsa, kamar tsohon takalmi. Ta san Jocelyne ma'aikaciyar asibiti ce, amma fushi bai bar ta ta tambayi abin da ke kai ma'aikaciyar asibiti gidan ƙaninta ba. Ta zari mayafi, ta ɗauki kwanon, ta tare mai moto, wato ɗan acaɓa, a bakin layi. Har suka isa Plateau tana faɗa, mai moton yana ta ba da haƙuri bai san laifin wa ba.

Laila ta fito da sauri jin muryarta a tsakar gida. "Adda, sannu da zuwa, ki zauna a falo, Alhaji yana..."

"Yana barci ko? Yau zai tashi. Ni na yi masa wanka da tsarki yana ƙarami, ba ɗakin da zai ɓuya mini a ciki."

Ta ture labulen ta shiga, bakinta cike da maganar da ta tanada tun daga Yelwa. Wari ne ya fara tsayar da ita. Ta san warin nan. Ta kwana da shi, ta tashi da shi, ta wanke shi daga zannuwan Dada. Nasrullahi yana zaune a bakin gado, ya rame, ƙafarsa ta hagu a kan matashi. Jocelyne tana durƙushe da safar hannu da auduga, tana wanke wani rami a gefen babban yatsansa.

Nasrullahi ya jawo riga zai rufe ƙafar.

"Bar ta," in ji Hansai. "Tun yaushe?"

"An ɗan jima, Adda. Sugan ya daɗe. Ciwon ƙafar ne bai kai shekara biyu ba."

"Matarka ta sani. Wannan yarinyar ta sani. Direbobinka fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Har direbobi! Mai gadi ma ya sani, ko? Duk Garwa ta sani, sai ni jakar da ke dafa maka zuma!" Ta dangwarar da kwanon a kan tebur har murfin ya faɗi. "Da hannuna nake ɗauko abin da ya kashe Dada, in hau moto, in kawo maka har gida, ina jin daɗi wai na yi zumunci. Ka bar ni ina yi! Da wata rana ka ci fa? Da ka ci ya kai ka, wa ya kashe ka?"

"Ban taɓa ci ba, Adda, wallahi. Buɗewa nake yi in shaƙi ƙamshin, in tuna gida, sai in ba Jocelyne don kada ya zauna kusa da ni." Ya dubi ƙafarsa. "Na ga abin da kika sha a kan Dada. Ban so ki sake ganin irinsa ba. Kuma na san in na faɗa miki, kin daina kawowa ke nan."

Wata macen da ta fashe da kuka a nan, a rungume juna, a wuce wurin. Hansai ba ta cikinsu. Maganar tasa ma ƙara hura ta ta yi.

"Ƙamshi! Ina tsaye a wuta da azumi don ka sha ƙamshi! Kai ne za ka zaɓa mini abin da zan iya gani? Ni da na riƙe ƙafar uwarmu har aka raba ta da ita, kana waje kana wasan ƙasa? Ba tausayina ka ji ba, Nasuru. Baƙuwa ka mayar da ni, wadda ake yi wa shimfiɗa a falo a ɓoye mata abin da ke cikin ɗaki. Da ka zage ni a kasuwa da ya fi mini sauƙi."

Rabon da wani ya kira shi Nasuru tun yana lekol. Ya sa hannu ya rufe fuska. Jocelyne ta fara tattara kayanta a hankali za ta ba su wuri.

"Ke kuma ina za ki? Ci gaba da aikinki." Hansai ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta zauna a ƙasa, ta ɗaga diddigen ƙaninta ta ɗora a tafin hannunta. Hannun bai manta yadda ake riƙewa ba. Har aka gama wankin aka naɗe ba ta dube shi ba.

Da ta koma Yelwa ta ɗauko sauran zumar ta miƙa wa Colette ta kan bango, ta ce yara su ƙarasa. Ta aika wa Halliru cewa kada ya ƙara kawo mata zuma, in ya samu acha a hanya ya taho da ita. Iliyasu ya tambaye ta me ya faru, ta ce ya tambayi surukinsa mai ƙamshi.

Har yau ba ta yafe masa ba, kuma duk wanda ya ce ta yi haƙuri sai ya sha nasa rabon. Ba ta amsa gaisuwar Nasrullahi. Amma kullum da hantsi mai moto yana sauke ta a Plateau da kwano a hannu, faten acha da zogale, ba suga, gishirin ma kaɗan. Ba ta ba Laila, ba ta ba mai gadi. Ta wuce har ɗaki, ta ajiye masa, ta zauna ta tsare shi da ido, ta ce ai ta san halin gidan nan na juye. Yana yamutsa fuska yana ci, tana harararsa, har ya kai loma ta ƙarshe.

Sannan ta ɗauki kwanonta ta fito. Laila ta sha bin ta da sabulu ko turmin zane za ta saka a ciki, don kada ya koma wayam. Hansai sai ta rufe murfin da tafin hannu ta ce a bar mata shi haka, shi kaɗai ne kwanon da take so ya dawo mata ba komai a ciki.