Ludayin Miya a Hannun Babur

Abin da na fara gani da na sauka a ƙofar gidan Kawu a Ƙauran Namoda shi ne ƙasa a jiƙe. Ba damina ba ce, kuma ba wanki aka yi ba. Wani siririn layin ruwa ne ya fito daga zaure, ya zagaye bishiyar darbejiya, ya miƙe ya nufi titi. Kaji na bin sa suna tono.

Hutu na zo daga Shinkafi, ina ƙaramar sakandare a lokacin. Ni ba mai magana ba ce. Ko a aji, in na san amsa sai in riƙe ta a baki har a kaɗa ƙararrawa. Don haka ban tambayi kowa zancen ruwan ba. Anti, matar Kawu, ita ta kwashe labarin ta faɗa mini tun ban ajiye jaka ba.

Kaka, wadda ta haifi mamata da Kawu, tana son zuwa Moriki ganin yayarta. Yayar ta tsufa, ta daina fita, kuma ta aiko cewa tana so su ga juna tun idonta na gani. Kaka ba ta shiga mota, warin mai na tayar mata da zuciya. Babur kuwa ta daina hawa tun bara, ranar da Kawu ya saki kuloci da garaje a tsohon babur ɗinsa, ya fizga ya tafi, ya bar ta zaune a ƙasa da ƙullin kayanta a cinya. Sai da ya kusa tashar jirgi yana ta ba ta labari, sannan ya lura ba mai amsa masa.

Saboda haka Kawu ya musanya wancan ya kawo roba-roba, irin wanda ba shi da kuloci a hannu. Ka sassauta totur kawai, ka taka giya da ƙafa, injin ya yi sauran aikin da kansa.

Da la'asar na ji Kawu yana lallashin Kaka.

“Inna, wanga fa ba shi da kuloci ko kaɗan. Zo ki duba da kanki.”

Kaka ta fito da sandarta, ta shafa hannun hagun babur ɗin sama da ƙasa, ta leƙa ƙarƙashinsa. Ta ce, “Na gani, babu. To amma ni kuloci ne ya yar da ni ko kai?”

Sharaɗinta ɗaya ne. A ɗora mutum a baya riƙe da kwano cike da ruwan randarta, a je bakin titi a dawo. Ranar da kwanon ya dawo cike, za ta hau. Anti ce ke riƙon kwanon kafin in zo, har zannuwanta suka ƙare a kan igiyar shanya. Shi ya sa ta yi murna da zuwana fiye da kowa.

Washegari aka ɗora ni. Tashi lafiya lau. Amma duk lokacin da Kawu ya taka giya, sai babur ya zabura kamar an tsikari jaki, ruwa ya watso mini a ƙirji. Muka dawo kwano rabi, hijabina na ɗiga.

Kaka ta leƙa ta ce, “'Yar boko, ke kinka sha, ko hanya ta sha?”

Na sunkuyar da kai.

Kawu ya ɗora laifin a kan babur. Muka je wurin bakanike, har da ni da kwanon. Bakaniken ya hau, ya zagaya da hannu ɗaya yana cin gyaɗa da ɗayan, babur na tafiya sumul. Ya sauka ya ce, “Mashin lafiya lau yake, Malam. Ka riƙa sakin totur kahin ka taka.”

Kawu ya ce, “Tun ba a haife ka ba nike sakin totur.”

A hanyar dawowa ya tsaya a famfon unguwa, ya cika kwanon, ya kalle ni ya ɗora yatsa a baki. Ba sai ya wahalar da kansa ba, ni da ko gaisuwa da ƙyar take fita. Daga nan ya tura babur da ƙafa har gida. Kaka ta karɓi kwanon, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kurɓa.

“Wanga ruwan famfo ne. Randata ba ta ɗanɗanon ƙarfe.”

Tun daga ranar ta koma jiƙa tsamiya a ciki. Hijabina fari ya zama ruwan ƙasa, ƙudaje suka san ni.

Wanda ke zaune a baya ba shi da abin kallo sai ƙeya da hannuwa, ni kuma kallo ne aikina. Na lura kafin Kawu ya taka giya, yatsunsa na hagu kan buɗe, su miƙa gaba, su damƙi iska, kamar mai kamun sauro. Hannun dama kuwa sai ya tsaya yana jira. Shekara da shekaru ya saba sai hagu ya matse wani abu sannan shi ya saki totur. Da hagu bai samu komai ba, dama ba ya saki, ƙafa kuma ba ta jiran kowa.

Ban tabbatar ba sai ranar burodi. Anti ta ce mu biya mu sayo, Kawu ya riƙo shi a hannun hagu haɗe da kan babur. Ranar ruwan da ya zube kaɗan ne, a wajen tsayawa kawai, lokacin da burodin ya riga ya gama mutuwa. Anti ta ɗaga shi sama, tsakiyarsa ta koma kamar waina, da shatin yatsu.

“Malam, zama ka yi kansa?”

Kawu ya ce masu burodin yanzu iska suke gasawa.

Na so in faɗa masa. Na shirya maganar a bakina wajen wanke-wanke, na sake shirya ta wajen shara. Amma yaya yarinya za ta dubi kawunta ta ce hannuwansa ba sa jituwa? Ana cikin haka aka sake aiko daga Moriki. Kaka ta saurari saƙon, ba ta tsokani kowa ba ranar, ta zauna tana kwance ƙullin kayanta tana sake ɗaurewa. A ciki na ga turmin atamfa da ƙullin daddawa da ta ajiye wa yayarta.

Da safe, Kawu na karin kumallo, na ɗauki ludayin miyar Anti na ƙarfe, na samo guntuwar robar tayar keke, na je zaure. Na ɗaura shi a hannun hagun babur, bakinsa a buɗe kaɗan, yadda in an matse zai dawo. Na koma na ɗauki kwanona na tsaya.

Kawu ya fito ya gani. “Wa ya ɗaura man wanga shirme?”

Yana faɗa, yatsunsa sun riga sun kama ludayin suna matsawa. Ya matsa, ya saki. Ya kalli hannunsa, ya kalle ni, na kalli kaji. Ya tayar da babur.

Muka tafi. Ludayi ya ce ƙyas, totur ya sauka, giya ta shiga, ban ma ji ba. Ruwan tsamiya ya yi ta rawa a bakin kwano amma bai tsallaka ba. Wani mai shayi ya ɗaga murya, “Malam, miya za a raba?” Kawu ya ɗaga masa kai kamar wanda aka gaisar.

Muna shigowa muka tarar da Anti a zaure riƙe da murfin tukunya, tana neman ludayinta. Ta gan shi, ta buɗe baki, Kaka ta ɗaga mata sanda.

“Ki juya miyarki da muciya yau.”

Kaka ta karɓi kwanon, ta duba bakinsa, ta kurɓa, ta yamutsa fuska don tsami. Sannan ta taɓa ludayin.

“Ka ce ba shi da kuloci.”

“Babu, Inna.”

“To wanga mi ne?”

“Ludayi ne.”

Kaka ta ce, “Shi dai ludayin na yarda da shi. Gobe da hantsi, in mutane sun fara bin hanya, sai mu tahi.”

Kawu ya juya yana goge madubi da hularsa, ya daɗe yana gogewa. Ni kuwa na fara murnar rabuwa da tsamiya. Sai Kaka ta nuna ni da sanda ta ce da ni za a je, a tsakiya zan zauna, da kwanon a hannu, don ita ba ta san halin ɗanta ba in ya ga titi ya miƙe.

Na tuna ramukan da muka faɗa a mota tsakanin Moriki da Ƙaura ranar da na zo. Na kalli hijabina na ƙarshe a kan igiya. Muryata ta fito siririya, har Anti ta waiwayo don ta ga wa ya yi magana.

“Kaka, don Allah, ko za a ba ni murfin kwanon?”