Kawu Harisu da Hanyar Kusada

Kawu Harisu ƙanen mahaifiyata ne. Tela ne a Kankia, amma asalinsa ɗan Kaikai ne ta ƙasar Kusada. Mutum ne mai fara'a, ba ka zama shagonsa ka tashi ba ka yi dariya ba. Sai dai shekara da shekaru yana fama da waswasi, mu na gida kaɗai muka sani.

Daga alwala abin ya faro. Ya wanke hannu, ya kai fuska, sai zuciyarsa ta ce hannun bai wanku ba, ya koma farko. Yakan ƙarar da buta uku, wani lokaci har liman ya sallame yana tsugune. Daga baya abin ya kai ga ƙofar shago: ya kulle, ya kai bakin titi, ya dawo ya jijjiga kwaɗon, har sau bakwai. Ya taɓa ce mini, idonsa jawur, "Ɗiyata, na san na kulle. Hankalina ne ba ya kwanciya."

Matarsa Amatullah ce ta matsa masa har ya je asibiti. Likitar ta saurare shi tsaf, ta ce ciwo ne sananne, ba raunin imani ba ne. Ta ba shi magani, ta koya masa yadda zai daure idan tunanin ya zo, kada ya maimaita abin da ya riga ya yi. Sannan ta ce, "Baba, yaushe rabonka da yin gumi?"

Ya ce, "Tun da na bar noma."

Ta ce ya riƙa motsa jiki rabin awa, har numfashinsa ya hau, kwana huɗu a mako. Ba zai maye gurbin magani ba, amma yakan rage damuwar da ke ingiza shi.

Sai ya kakkaɓe tsohon kekensa, ya riƙa hawa hanyar Kusada bayan sallar asuba. Ranar farko turo keken ya yi ya dawo, yana haki. Amatullah ta miƙa masa ruwa tana dariya, ta ce, "Malam, wa ya koro ka?"

Bai fasa ba. Bayan wata biyu na same shi yana alwalar azahar. Ya gama, ya tsaya riƙe da buta kamar zai koma farko. Can sai ya ajiye ta, ya nufi masallaci. Da ya dawo ya ce mini, "Ran da na hau keke, tunanin yakan zo, amma ba ya da ƙarfi. Ina iya ƙyale shi."

Bai rabu da ciwon ɗungurungum ba. Da damina ruwa ya hana shi fita kwana goma, abin ya taso, ya koma wurin likita ba tare da an matsa masa ba.

Yanzu su uku ke fita, shi da abokinsa Mamuda mai hawan jini da Yakubu mahauci. Masu tallan nono da ke shigowa gari duk sun san su, suna yi musu sannu da tsere. Kawu ne kullum a baya, wai shi ke tsaron tsofaffi kada wani ya faɗi.