Malamar da Ta Ɗauke Mini Ƙanwa

A ƙauyenmu, can gefen Ƙofa, idan mace ta rasu ba a tsayawa tambayar wa za a kira. Ni ake kira. Wurin gwaggona na gaji wankan gawa, tun ina da goyon fari nake riƙe mata buta. Ban yi boko ba, ban zauna ajin yaƙi da jahilci ba, amma babu gidan da ban shiga da ganyen magarya da kafur ba, tun daga gidan dagaci har rugar Fulanin da ke bayan fadama.

Ba ni kaɗai nake tafiya ba, ina da ƙanwar rana. Ba ciki ɗaya muka fito ba. Amarya aka kawo ta daga Kiru, siririya, ba ta san kowa ba. Na gan ta a bakin rijiya tana kokawa da guga, raina ya kwanta da ita, sai na aika mata goro da turare na ce ina so ta zama ƙanwata. Ta karɓa. Duk haihuwar da ta yi, ni na yi mata wankan jego. Da na ga hankalinta ya zauna, na fara tafiya da ita wurin aiki, ina wankewa tana zuba ruwa.

Ranar farko na kama kunnenta na ce abin da ido ya gani a ɗakin gawa amana ne, ba ya ƙetare ƙofa, ko miji ba a gaya wa. In mun gama kuma, ba ta wucewa gidanta da wannan nauyin. Ɗakina muke zuwa, in dama kunun tsamiya, mu zauna mu sha, ba mai cewa uffan. Can in jikinta ya sake sai ta ce, "Yaya, zan tafi." In ce, "A gaida yara." Haka muka yi har furfura ta fara fito mata. Wannan zaman nawa ne, ni da ita, ko 'ya'yan cikina sun san ba sa leƙowa.

Sai daminar da ruwa ya ci mu. Aka kwana ana ruwa, aka wuni ana yi. Rafin da muke tsallakawa da zani a gwiwa ya tashi ya shigo gari, ɗakunan ƙasa suka riƙa zama kamar an jiƙa tuwo. Maza suna ciro mutane da gora da igiya, aka buɗe mana aji ɗaya a makarantar firamare don wankan matan da suka rasu. A cikin waɗanda aka kawo mana akwai wata Bafulatana, yarinya ce ma, da goyonta a baya. Wannan kowa ya gani a bakin rafi, shi ya sa na faɗa. Abin da ya biyo baya a cikin ajin kuwa, ba za ku ji shi a bakina ba. Muka yi aikinmu, muka koma ɗakina da rabinsa ya zube, muka sha kunu, ta ce za ta tafi, na ce a gaida yara.

Bayan an yi girbin ɗan abin da ya tsira, mutanen agaji suka zo da farar mota. Wai suna son mace ɗaya daga kowane ƙauye, a kai su Tudun Wada a koya musu aikin ceto, da yadda mai aikin zai tsare zuciyarsa kada ta lalace. Ni da na ji, na ciro atamfata ta ƙasan adaka na shanya ta sha iska. Wa za a ɗauka in ba ni ba?

Ƙanwata aka ɗauka.

Na yafa mayafi na tafi ƙofar dagaci, na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya wanke mahaifiyarka?"

Ya ce, "Ke ce, Iya."

"Matarka ta fari fa?"

"Ke ce. Allah ya saka." Ya sosa gemu. "Iya, ba ni na zaɓa ba. Sun ce mai sauran ƙarfin gudu, wadda kuma ta ɗan iya karatu."

Na ce, "To, Allah ya ja zamaninka. In gawa ta fara gudu sai a kira ta."

Da yamma ga ta nan ta shigo, kai a ƙasa. "Yaya, in kin ce kada in je, ba zan je ba."

Na ce, "Ni na haife ki da zan hana ki? Je ki a koya miki zuba ruwa."

Ta tafi. Ta dawo da jaka mai maɗauri, da farar riga ta ɗorawa a kan kaya, da wata sabuwar magana a bakinta: Malama ta ce. Malamar nan ma'aikaciyar jinya ce, ita ta koyar da su. Malama ta ce mai ceto ya ci abinci ko ba ya so. Malama ta ce a riƙa karɓa-karɓa, kada mutum ya tsaya a kan aiki har ya faɗi. Malama ta ce in ƙirji ya cushe a zauna a ja numfashi a hankali, a riƙe, a sake shi kamar ana hura kunu mai zafi.

Na ce, "Numfashin ma sai da aka kai ki Tudun Wada? Da can da me kike yi?"

Ta yi dariya. Dariyar ce ta fi ci mini rai, don na daɗe ban ji ta ba. Tun ambaliyar nan ta rame, wuyanta ya yi tsawo, ko jikarta ta daina goyawa, ta ce bayanta ke ciwo. Ni na sayo man zafi a kasuwar Bebeji na riƙa murza mata. To ga shi ta fara cikowa, kumatu sun dawo, mijinta yana faɗa a majalisa wai yanzu tana barci har sai an tashe ta sallah. Ni ban ce ba na barci ba. Amma tun daminar nan, in ruwa ya fara taɓa kwanon rufi, zaune nake ƙarasa daren.

Ashe ba a Tudun Wada abin ya ƙare ba. Duk Laraba malamar tana zuwa ɗakin shan magani na Ƙofa, matan da aka koya wa su taru, wai su zauna su sauke abin da ke ransu. Wata Laraba wata tsohuwa ta rasu a unguwarmu da safe. Muka wanke ta, maza suka ɗauki makara. Na nufi gida, na ji babu takun ƙafa a bayana. Na waiwaya, tana tsaye da jakarta.

"Yaya, yau ranar zama ce. Ki ajiye mini kunun, zan biyo."

Na dama kunun. Ya huce, ya yi fata a sama. Da la'asar ta wuce na juye wa awaki.

Laraba ta gaba na ce gwiwata na ciwo, ina son magani. Gaskiya ne tana ciwo, amma ba ranar ta fara ba. Na tarar da su a bayan ɗakin shan maganin, ƙarƙashin darbejiya, sun yi da'ira. Akwai wata 'yar garin Ɗansoshiya, akwai wata ƙatuwa daga wajen Doguwa da ta zo ganin gida, da waɗansu da ban sani ba. Na so in tarar da malamar nan mai ɗaga hanci ce, in samu abin kamawa. Sai ga yarinya baƙa, gajeruwa, 'yar Riruwai, da tabarau. Tana ganina ta taso ta durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Iya. Ke ce Yayar da ake ba mu labari kullum."

Na ce, "Labarin me? Mu a aikinmu ba a ba da labari."

"Haka ne, Iya. Abin da aka gani a jikin mamaci ba a faɗa a nan, mu ma mun san amana ce. Na mai rai muke faɗa, abin da aikin ya bar mata."

"Ya bar mata lada."

"Da lada, da wani abin." Ta jawo mini benci. "Zauna ki huta gwiwar, ba sai kin ce komai ba."

Na zauna, don gwiwar. Ƙatuwar Doguwa ta yi maganar wata motar itace da ta kife a hanyar daji, wai har yau ba ta iya cin nama. 'Yar Ɗansoshiya ta ce, "Ki riƙa kawo mini rabonki, ni zan taimake ki." Suka yi dariya, har da mai maganar. Ni dai ina kallon ƙanwata. Na ɗauka ganina zai sa ta kama bakinta. Ta dube ni sau ɗaya, ta sunkuyar da kai, ta fara.

Ba ta faɗi komai na jikin Bafulatanar ba, wannan na shaide ta. Hannunta ta yi magana a kai. Ta ce ranar, ita aka bar wa kwance majanyin, ɗaurin ya jiƙe ya ƙulle, yatsunta suka ƙi, sai da Yaya ta ture hannunta ta kwance da kanta. Ta ce tun daga ranar, in ta ɗora jikarta a baya ta kamo bakin majanyi za ta ɗaure, sai yatsun su mutu. Bayanta lafiyarsa lau. Ta ce shekaranjiya ta zauna ta yi numfashin nan, ta ɗaure, ta kai yarinyar har rijiya ta dawo.

Sai ta fashe da kuka, ta kifa kai a kafaɗar malamar. Yarinyar da ba ta kai 'yarta ta biyu a shekaru ba. Ita kuma tana shafa mata baya, daidai inda nake murza man zafi.

Tun tana amarya take zama a ɗakina. Ni na riƙe ta a kan gwiwa, ni na wanke 'yarta da ta rasu a kyanda. Ban taɓa ganin hawayenta a kafaɗata ba. Na tashi, ko maganin ban karɓa ba.

A hanya ta cim mini, wajen gonakin rake, tana haki.

"Yaya, tsaya mana. Kin ce gwiwa, ga shi kin fi ni sauri."

Ban tsaya ba. Na ce, "Man zafin da na ɓata a bayanki, da kin ce mini lafiyarsa ƙalau da na shafa wa gwiwata."

"Ki yi haƙuri."

"Me ya hana ki gaya mini? Bare ta fi ni kunne?"

"Ke kika ce ba a magana."

"Ta gawa na ce."

"To ni a ɗakinki ban san inda ta gawa ta tsaya tawa ta fara ba." Ta gyara jakarta. "Kuma Yaya, ke hannunki bai taɓa rawa ba. Da wane baki zan ce miki nawa ya mutu?"

Na dubi hannun nawa. Wa ya gaya mata bai taɓa rawa ba? Na ci gaba da tafiya, ni ba a kan hanya nake zance ba.

Ta ce, "Ke fa? Kina barci kuwa?"

Na ce, "Kamar jaririya."

Ba ta daina zuwa wurina ba, kada in yi mata ƙarya. In mun yi wanka tana biyowa, ta zauna, ta sha abin da na ba ta. Amma na san ba nauyin take kawo mini ba, ta ajiye shi sai Laraba. Zuwan ladabi take yi, irin wanda ake yi wa tsohuwa don kada ta ji haushi. Shekarar da amai da gudawa ya shiga ƙauyukan Doguwa, mota ta zo har ƙofar gida ta ɗauke ta, ta yi makonni can. Ta dawo ba ta rame ba. Mutanen gari suka fara cewa a kira mai jaka, ko yaro ne ya faɗo daga mangwaro.

Ana nan sai na ji an sauya wa malamar wurin aiki, an mai da ita wajen garinsu. Ranar na dafa shinkafa da wake, na zuba mai da yaji har da na maƙwabta. Aka ce, "Iya, me aka samu?" Na ce marmari. A raina na ce to, zama ya watse, mai ɗaki za ta dawo ɗakinta.

Laraba ta zo, ina tsakar gida ina tsince gero, na ji sallama. Ita ce, da farar rigarta. A bayanta mata ne, ba ma na Tudun Wada kaɗai ba, har da na unguwarmu da ruwa ya ci wa ɗaki. Ta ƙarshensu, tana ɓoye fuska da mayafi, matar ɗana ce.

"Yaya, Malama ta bar mini zaman. A gidana za mu riƙa yi yanzu. Akwai wuri."

Na ce, "Ina da aiki."

"In kin gama."

"Ba na gamawa."

Ta ce to, suka fita. Gidanta da nawa katanga ɗaya ce ta raba. Na ɗauki faifaina na koma gindin katangar, don nan inuwa ta fi. Ina jin muryoyinsu, wata ta yi, wata ta karɓa, can a yi shiru, can a yi dariya. Tata muryar ko cikin kasuwa zan gane ta. Ta daɗe tana magana ranar, a hankali, na tsayar da faifan na kasa kunne, amma ban ji abin da take cewa ba.