Wasiƙar da Inna Ta Rataya a Wuya

Shekarar da na yi saukar Alƙur'ani a Madarunfa, ba ni da wata magana a baki sai ta Katsina. Wannan kuwa ƴan shekaru ne kafin Nasara su shigo ƙasar, lokacin da tsakanin Maraɗi da Katsina yau yaƙi gobe sulhu, ba mai ɗaukar sanda ya ce zai ratsa daji shi kaɗai. Yayana, ɗan farin innarmu, ya riga ya shekara uku a can yana karatun ilimi, kuma takardunsa ne suka hana ni zama lafiya.

Takardun suna zuwa ta hannun wani bafatake mai safarar kanwa, wanda ayarinsu kan sauka gefen tabkin garinmu sau biyu a shekara. Rubutun ajami ne sirara, a matse ciki da baya, don takarda ba abin wasa ba ce a lokacin. Amma abin da yayan nan nawa ke cusawa a falle ɗaya ya ishi mutum tauna har wata shida. Ya ce da an sallame Asuba ɗalibai kan cika zauren malaminsu, kowa da littafinsa a cinya. Wannan ya karanta, malam ya fassara masa, na gefe yana saurare, kafin hantsi ka ji fiƙihu ka ji nahawu alhali darasinka ɗaya ne. Ya ce akwai Babarbare a cikinsu da ya koya musu dafa tawada da ƙaro wadda ba ta dushewa. Da yamma su ɗinka huluna su kai kasuwa, da abin da suka samu suke cin tuwo. Ya yi mini alfahari da littafin da ya kwafe da hannunsa tun daga bango har bango. Kukansa biyu ne kawai, kuɗin cizon ɗakinsu, da rashin kifin tabkinmu.

Na karanta wa abokaina takardun nan har suka fara canja hanya in sun hango ni. Ban damu ba. Ni dai na riga na ga kaina a zauren nan da gafakar littattafai a kafaɗa, har wurin da zan zauna na zaɓa.

Malaminmu na gari, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai gaskiya. Ya ce mini abin da ke gare shi ya ba ni, sauran sai gaba. Shi ya ba ni rabin falle na rubuta wa yayana cewa ya roƙar mini malaminsu ya karɓe ni, ya kuma faɗa mini lokacin da zan taso. Da baba ya ji, bai yi faɗa ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa, kuma baba in ya kafa abu ko jaki goma ba su tumɓuke shi.

"In ga takarda daga hannun yayanka, a karanta mani ita gaban malam. Ba takarda, ba tahiya."

Damina ta wuce ina ƙirgen kwanaki. Da kaka ta yi aka tura ni Safo in taya kawuna ɗaurin gero, kwana tara. Ran da na dawo, tun daga nesa na hango jakunan fatake a zango. Na yar da damin da ke kaina a bakin hanya, na sheƙa da gudu, na tarar da bafataken nan yana gyaran mangala.

Ya ce ai saƙo ya iso tun kwana shida, sun ma kai kanwa Maraɗi sun dawo, jibi za su juya Katsina. Ya ce bana masu tsaron ƙofa sun tsananta, duk takardar da suka gani a buɗe sai su ce ta leƙen asiri ce. Shi ya sa yayana ya naɗe wannan ƙanƙanuwa, ya ɗaure ta da zare kamar laya, don ba mai taɓa layar matafiyi.

"Na kai gidanku ban ishe ka ba, sai na ba tsohuwa. Na ce ga saƙon ɗanta."

Na shiga gida ina haki. Inna na bakin turmi tana sussuka, a wuyanta kuwa ga wata sabuwar laya da jar fata, ɗinkin baduku mai kyau, har da ɗan tuntu. Na gaishe ta a gaggauce na ce ina saƙon.

Ta taɓa wuyanta. "Ga shi nan. Wancan ya aiko mani da maganin ciwon kai. Tun da na rataya ta ban sake ji ba."

"Wancan" shi ne yayana. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. In ina karanta takardarsa a tsakar gida sai ta tashi ta kama wani aiki, ko da yake na lura aikin ba ya kai ta inda murya ba ta isa.

Na ce, "Inna, wagga ba laya ba ce, wasiƙa ce. Amsata na ciki."

"Kai ka gani da idonka?"

"Ban gani ba, amma mai kanwa ya hwaɗa mani."

"Mai kanwa ya iya karatu?"

Gaskiyarta, bai iya ba. Kowa a garinmu kuma ya san laya in an farke ta an ga cikinta, ta tashi daga aiki. Wato ina roƙonta ta ɓata maganin da ɗanta ya aiko mata daga wata ƙasa, a kan maganar mai jakuna. Na yi magiya, na yi fushi, na fita na dawo na sake magiya. Ita kuwa sussukarta kawai take yi.

Na ruga wajen baduku ko ya leƙa kafin ya ɗinke. Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce shi tun da yake bai taɓa kwance zaren layar wani ba. Na je wurin baba, ya ce abin da ke wuyan mace ba ya sa hannu a kai, sharaɗinsa kuma yana nan. Malam ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce shi ma zatonsa wasiƙa ce, amma zato ba ya farke fata, in je in lallashi uwata. Ranar nan na zaga Madarunfa kamar wanda kunama ta harba. Katsina gaba ɗayanta tana rataye a wuyan inna, ina ganinta tana lilo in ta sunkuya, ba dama in taɓa.

Har na yi tunanin in faki ido in ta cire ta za ta yi wanka. Na faɗi wannan ne don kada a ɗauka ni salihi ne a lokacin. Abin da ya hana ni, ba ta cire ta ko sau ɗaya ba.

Washegari da hantsi na daina magiya. Na zauna a gindin rumbu ina jin fatake suna ɗaure kaya a zango, na san in ayarin nan ya tashi ba ni, sai baɗi, baɗi kuma ba wanda ya san ko hanya za ta buɗe. Ban yi kuka ba, amma saura kaɗan. Inna ta wuce ni da tulu sau biyu. A na uku ta ajiye tulun, ta tsaya a kaina.

"In an buɗe, aka ishe laya ce hwa?"

"To na ɓata maki magani, Inna, kuma na haƙura da tahiya."

"In kuma wasiƙa ce?"

"Sai in tahi."

Ta ɗauki tulun ta kai ɗaki. Sannan ta ce in kira baba in kira malam. Da suka zauna a zaure ta tsaya daga bayan ƙofa, ta cire layar, ta sa ƴar wuƙarta ta yankan kuɓewa ta tsinke ɗinkin da kanta, zare bayan zare, ta miƙo mini.

Na warware takardar. Ba hatimin laya, ba aya. Layin farko gaisuwa ce ga baba, da hannun yayana da na sani kamar tafina. Na karanta da ƙarfi. Malaminsu ya yarda. Yayana ya ce in taso da ayarin kaka, in zo da gafaka da alƙaluma, an ware mini wuri a ɗakinsu kusa da ƙofa inda kuɗin cizo suka fi sauƙi. Ya ce in ban zo masa da busasshen kifi ba kada in yi masa sallama. A ƙarshe ya ce a gaida inna, a faɗa mata yana nan lafiya, ya yi ƙiba.

Baba ya ce, "To, Allah shi kiyaye hanya." Ban san lokacin da na miƙe ba. Na rungume malam, abin da ban taɓa yi ba, na fita ba takalmi na sanar da bafataken, na sanar da abokaina, har mata masu wanki a bakin tabki sai da na faɗa musu gobe ni Katsina. Farin cikin da na yi ranar ban sake yin irinsa ba, ko ran aurena.

Sai da na dawo gida la'asar sakaliya na tuna da inna. Na same ta tana gasa mini kifi tana jerawa a faifai, wuyanta ba komai. Kunya ta kama ni. Na tambaye ta ko kan ya motsa, ta ce in bar wannan magana. Ta miƙo hannu ba ta dube ni ba, na gane, na ciro takardar daga aljihu na ba ta. Ta mayar da ita kan naɗinta na farko, a hankali, ta ƙulle a bakin zane, ta ce gobe in mun tashi za ta biya wajen baduku.

Na ce, "Inna, ai kin ji abin da ke ciki. Ba magani ba ne."

"Na ji," in ji ta. Ta juya kifin a kan garwashi. "Kai ma in ka isa ka rubuto. Ka naɗe ta ƙarama, yadda za ta shiga hwata."