Wanda Zai Wanke Yaya

Ranar da mahaifinmu ya rasu a Gammo, Allah ya jiƙansa, mu biyu muka shiga wanke shi, ni da yayana. A gidanmu ba a kiran bare ya yi wa mamaci wanka alhali 'ya'yansa sun yi karatu. Yaya ya naɗe hannunsa da ƙyalle, ni kuma ina zuba ruwan magarya da ƙwarya. Mun yi na farko da na biyu lafiya. A na uku, wanda ake sa wa kafur, muna juya shi sai ƙirjinsa ya saki wani sauti kamar ajiyar zuciyar mai barci. Ƙwaryar ta suɓuce mini.

"Iska ce ta rage a ciki," in ji Yaya, bai ko ɗago kai ba. "Ɗauki ƙwaryarka."

Na ɗauka, muka gama, aka kai shi makwancinsa. Na san iska ce, don na karanta babin jana'iza tun ina saurayi. Amma sanin bai sauka zuwa cikina ba.

Bayan na koma Gwarzo, inda nake koyarwa a Islamiyya, wata safiya maiɗakina ta buɗe akwatin tufafi. Tana jefa ƙwayoyin kafur a ciki saboda ƙwari. Ƙamshin na dukan hancina na fita tsakar gida na yi amai. Na ce ta zubar da su. Ta zubar, na ji sakayau.

Wannan sakayau ɗin ne ya cuce ni. A kasuwa na daina bi ta layin masu turare. In an yi rasuwa a unguwa, sai in tsaya sabunta alwalar da ba ta karye ba, har sai na tabbata an gama wanka an fito da makara, sannan in shiga sahun baya. Daga nan sai ɗakin mahaifinmu ya gagare ni shiga, sai zauren gidan, sai Gammo ɗin gaba ɗaya. In mota ta doshi Kabo, hanyar garinmu, tafin hannuna ya fara gumi ke nan. Kullum ina da uzuri, kuma kowane uzuri gaskiya ne in an dube shi shi kaɗai. Shekara goma sha ɗaya ina haka.

Akwai wani dattijo da muke sallah masallaci ɗaya, ya yi aikin jinya a asibiti har ya yi ritaya. Shi kaɗai na taɓa faɗa wa. Ya ce, "Malam, a cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri mai aikin gadi. Ba ya jin wa'azi. In ya haɗa ƙamshi da firgita sau ɗaya, ya riƙe ke nan. Duk ranar da ka kauce ka ji sanyi a ranka, sai ya ce, ka gani, gudun ne ya cece mu. Gobe ya ƙara faɗaɗa shingen." Ya ce maganin shi ne in riƙa kusantar abin kaɗan-kaɗan, in tsaya har bugun zuciyar ya lafa da kansa. Na yi masa godiya sosai. Washegari na koma sallah a wani masallacin.

Bana, ana cikin yankan dawa, wani direba ya kawo mini takarda a ninke. Rubutun Yaya ne da ajami, amma baƙaƙen sun karkace, wasullan duk sun zame daga inda ya kamata su zauna. Bayan sallama, layi biyu ne kawai: ƙafafunsa sun kumbura, likita ya ce ƙoda ce, kuma ya bar wasiyya cewa ni zan wanke shi, ba wani ba.

Kwana tara takardar na cikin aljihuna kafin na hau mota.

Na same shi a zaure, ya jingina da bango, fuskarsa ta faɗa.

"A'a, malamin birni! Wa ya nuna maka hanya?"

"Yaya, ina wuni. Ya jiki?"

"Jiki ga shi nan, yana jiran ka." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kai da kake koya wa yara babin wanka, kake gudun ƙwayar kafur kamar akuya da ruwan sama."

Ashe ya sani tun farko. Na ce ko a bar wa limamin gari wankan, ya fi ni hannu.

"Liman ɗan'uwana ne? Ni na wanke rabin garin nan. A ce ni kuma an rasa mai wanke ni a gidanmu?"

Na kwana biyu. A rana ta uku da hantsi aka yi sallama, wani tsohon manomi maƙwabcinmu ya cika. Har yanzu Yaya ake kira. Ya dafa kafaɗata ya miƙe da ƙyar, muka tafi a hankali. A bakin ɗakin na tsaya. Tun daga nan nake jin ƙamshin kafur.

"Ba zan iya ɗaga shi ba," in ji Yaya a hankali, ba wasa a muryarsa. "Ni zan zuba ruwa. Kai ne hannu."

Na yi bisimilla na shiga. Na naɗe hannuna, na fara da dama kamar yadda aka koya mana. Zuciyata na dukan haƙarƙarina, sau biyu ina duban ƙofa. Da muka zo na kafur na rufe ido na juya shi, ina jira. Babu wani sauti. Bugun bai lafa ba kamar yadda dattijon nan na masallaci ya ce, amma ya ɗan ragu, kuma ban fita ba.

A hanyar komawa Yaya ya zauna a kan wani kututture yana haki. Ya dubi hannuwana.

"Ka yi gaggawa a ƙafafu," ya ce. "In an sake kira, kai za ka je, har hannun ya zauna. Ban san ko saura mutum nawa ne kafin ni ba."