Allurar da ta hana jikata taɓa ni

Ciwon daga cinyoyi ya soma, sannan ya hau kafaɗu. Na kasa ɗaga taɓarya, daga baya ko ɗankwali ban iya ɗaura wa kaina. In na zauna bisa tabarma, sai an tashe ni. Tsofaffin garinmu Ɗan Kassari suka ce aljana doguwa ce ta hau ni. Ɗana na fari, mai shago a Dogon Dutsi, ya ce ba za a kira masu gogen bori a gidan ubansa ba. Ya kai ni asibiti a Yamai, tare da ɗiyarsa, jikata, wadda ke ɗaga ni tana yi mini wanka.

Lokotoro ya ce yana zaton naman jikina ke kumburi daga ciki, kuma akwai na'urar da ke nuna wurin. Aka hana ni ko hura. Aka yi mini wata allura mai haske wanda ido ba ya gani, aka tura ni cikin wani abu kamar bakin rijiya an kwantar da shi. Kada ki motsa, in ji su. Ni da na zo don ban iya motsi.

Da aka fiddo ni, wata ma'aikaciya ta ce maganin yana cikin jikina har gobe, kada mai ciki ta raɓe ni. Ta dubi jikata.

"Kina da ciki?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce a'a. To me za ta ce, amarya da cikin fari, ga ubanta tsaye? Ni kuwa na sani tun ranar da ta daina son warin daddawa. A wurinmu ba a faɗi. Ana gani, a yi shiru, har ranar da za a dafa ruwan zafi.

Jikata ta miƙo hannu za ta tashe ni. Na ce ta bari.

"Tsohuwa, rigima kuma? Wa zai ɗaga ki, aljanunki?"

Ta sa hannu ƙarƙashin hammatata, cikin nan yana goga mini kafaɗa. Sai na buɗe bakina, gaban baƙuwa, gaban ubanta, na ce tana da shi, ku janye mini ita. Yarinyar ta rufe fuska da mayafi ta fita. Uban ya tsaya yana kallon bango kamar an rubuta masa wani abu a kai.

Saura ni da shi. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Ban tuna ranar da jikinsa ya taɓa nawa ba. Ma'aikaciyar tana jira, wani mara lafiya yana jiran gadon.

"Inna, kama wuyana," in ji shi.

Na kama. Ashe har furfura ta fito masa a bayan kunne.

Hoton ya nuna kumburin a cinyoyi da kafaɗu, nan suka yanki ɗan nama suka tabbatar, suka ba ni magani. Yanzu ina tashi da kaina, da kama bango. Jikata ta haihu lafiya, ni na yi wa jaririn wankan fari. Amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Da sun kira yarinyar gefe sun tambaye ta, ai da ta gaya musu.